Daga zuga-zugin maƙera zuwa tanderun Ajaokuta: Yadda iska ke mayar da tama ƙarfe

Laujen da ake yankan shinkafa da shi a fadamar Zauro, da fartanyar da ake saya a kasuwannin Birnin Kebbi da Argungu, akasari da tsoffin ƙarafan mota ake ƙera su. Maƙeran da kuwa da kansu suke samar da ƙarfe: su haƙo tama, su jera ta da gawayi a tanderun laka, a yi ta hura wuta.

Tama ƙarfe ce da iskar oksijin ta riƙe, kamar dai tsatsa, kuma aikin tanderu shi ne raba su.

A tanderun zamani, ta sama ake zuba tama da dutsen farar ƙasa da gasasshen kwal, hawa-hawa, sannan a hura iska mai zafin sama da digiri 1,000 ta ƙasa. Kwal ɗin na ƙonewa yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Ita ke hawa tana zare oksijin daga tama sannu a hankali.

Inda gizo ke saƙar shi ne hanya. Iska na hawa, narkakken ƙarfe da dattinsa na gangarowa, duk ta 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin kwal. Idan tama ta yi gari ko kwal ya marmashe, ƙofofin sai su toshe, iska ta bi gefe guda, sauran tamar ta sauko ba ta nuna ba.

Wannan na cikin matsalolin kamfanin Ajaokuta da ke Jihar Kogi, wanda Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinsa a 1980, Tarayyar Sobiyet ta gina da nufin samar da tan miliyan 1.3 a shekara. Ƙarfen da ke cikin tamar Itakpe bai kai kashi 40 cikin 100 ba, sai an niƙe ta an tace, an sake dunƙule ta. Kwal ɗin Inugu kuma ba ya gasuwa ya yi taurin da zai ɗauki nauyin kayan da ke samansa, dole a shigo da wani daga waje.

Ga shi irin wannan tanderu idan aka kunna shi shekaru yake yi yana ci dare da rana. Kaya na yankewa ya huce, ƙarfe ya daskare a ciki. Na Ajaokuta har yau ba a taɓa kunna shi ba.