Ɗumamar Yanayi da Gonakin Bakin Teku: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Ɗan'uwa manomi, idan gonarka tana fadamun ƙarshen Kogin Neja, ko kana noman shinkafa da kayan lambu a jihohin Legas, Ondo, Delta, Bayelsa ko Ribas, ka sani cewa ruwa iri biyu ne ke barazana ga amfaninka, kuma kowanne da maganinsa.

Masana sun tabbatar cewa zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 a ma'aunin Salshiyos tun ƙarshen ƙarni na 19. Zafin yana narkar da ƙanƙara, yana kuma sa ruwan teku ya kumbura. Tsakanin 1901 da 2018 tekun ya ɗago da kimanin santimita 20. Wannan kamar kaɗan ne, amma gaɓar tekun Nijeriya, mai tsawon kusan kilomita 850, shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai. Garin Ayetoro na Jihar Ondo shaida ne, domin teku ya cinye masa gidaje masu yawa.

Ruwan farko: ambaliya

Wannan ruwan daɗi ne da ke gangarowa daga kogunan Neja da Binuwai bayan mamakon ruwan sama. A 2012 da kuma 2022 ya shafe gonaki tun daga Lakwaja har Bayelsa. A 2022 mutane fiye da 600 suka rasu. Domin rage asara, nemi irin shinkafa FARO 66 ko FARO 67 waɗanda aka fitar a 2017. Suna iya jure nutsewa cikin ruwa har kusan mako biyu, su sake farfaɗowa. Haka kuma ka saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke bayarwa kowace shekara kafin ka tsai da ranar shuka.

Ruwa na biyu: gishiri

Wannan ya fi haɗari domin a ɓoye yake zuwa. Da rani, idan kogi ya ja baya, ruwan teku yakan kutsa cikin rafuka da rijiyoyi. Gishirin yana hana saiwa shan ruwa, sai shuka ta yi yaushi alhali ƙasa na da laima. Alamominsa su ne ƙonewar bakin ganye, tsumburewa, da farin ɓawo a saman ƙasa. Shinkafa ta fi jin jiki tana ƙarama da lokacin da take fure. Lura: irin da ke jure ambaliya ba lallai ne ya jure gishiri ba.

Matakan da za ka ɗauka:

1. Ɗanɗana ruwa kafin ban-ruwa. Idan da gishiri-gishiri, dakata.
2. Jinkirta dashe har ruwan sama ya wanke ƙasa sosai.
3. Yi jinga a gefen rafi, ka haƙa magudanar da za ta fitar da ruwan wankin.
4. Yawaita takin gargajiya, ka rufe ƙasa da ciyawa don rage ƙafewar ruwa.
5. Kada ka sare itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku. Su ne katangar gonarka daga igiyar ruwa.

Da zarar ka ga waɗannan alamomi, kai samfurin ƙasa da na ruwa wurin malamin gona na yankinka a auna, kafin ka kashe kuɗin iri da taki. Rigakafi ya fi magani.