Biki Cikin Zafi: Daga Ostareliya Zuwa Miga

A nan ƙasar Miga mun saba Kirsimeti ta same mu cikin hunturu. An gama girbi, hazo ya rufe gari, da asuba yara suna kewaye da wuta suna jin ɗumi. Amma akwai ƙasar da ran 25 ga Disamba ya ke faɗowa cikin tsananin zafi. Sunanta Ostareliya. Tana can kudancin duniya, don haka lokatansu kishiyar namu ne. Sa'ad da mu ke lulluɓa da bargo, su gumi su ke sharewa.

Turawan Ingila da suka fara zama can a 1788 sun tafi da al'adar gidansu. Sun daɗe suna hura murhu da tsakar rana, suna cin abinci mai tururi, sai ka ce ƙanƙara ce ke zuba a waje. Sannu a hankali jikokinsu suka gane in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Yanzu gidaje da yawa sukan ci nama mai sanyi da jatan lande da ganye da mangwaro, a inuwa ko a bakin teku. Taron waƙoƙin Kirsimeti kuwa sai rana ta faɗi a ke yinsa a fili, kowa da kyandir a hannu, al'adar da aka soma a birnin Melbon a 1938. Ran da iska ta bushe ƙwarai hukuma takan hana hura wuta a fili. Ba wasa ba ne, gama gobarar daji ta 2019 zuwa 2020 ta cinye gidaje fiye da 3,000.

To, mu me ya shafe mu? Ai mu ma muna da bukukuwan bazara. A 2024 an yi Ista ran 31 ga Maris, aka yi Ƙaramar Salla ran 10 ga Afrilu, lokacin da zafi ya kan haura digiri 40 a ƙasar Dutse. Babbar Salla ta 2025 ta faɗo ran 6 ga Yuni. Da ya ke shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, kowace shekara tana ƙara matsowa tsakiyar bazara. Ga abubuwa huɗu da ya kamata mu lura da su.

NAMA DA DAFAFFEN ABINCI. Hukumar abinci ta Ostareliya tana koya wa mutanenta cewa dafaffen abincin da ya wuce awa 4 a waje, ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba, sai a zubar. Ku tuna da kwanon da yaro ya kan ɗauka tun hantsi ya kai gidan maƙwabta, ba a buɗe shi sai la'asar. Uwargida, ki aika da abinci da zafinsa. In an kawo miki, ki raba nan take, ko ki sake tafasa shi sosai. Maigida, a yi yanka da wuri, a gyara kayan ciki a ranar. Sauran naman a soya shi ya bushe ƙayau, ko a yanyanka shi siri-siri, a sa gishiri, a shanya inda ƙuda ba ya kaiwa.

KAYAN MIYA. Dabarar wannan daga gida ta fito. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, shi ya yaɗa tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke tafiya da zafin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Tumatir da tattasai da alayyahon fadama sai su ƙara kwanaki. Amma kada a ajiye ɗanyen nama a ciki.

RUWA. Yara sukan wuni yawon biki cikin sababbin kaya masu kauri. A ba su ruwa mai tsabta kafin su fita, a tsare su a inuwa daga azahar zuwa la'asar. In gudawa ta kama yaro, a sami lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a isa asibiti.

CUNKOSO. Bazara lokacin sanƙarau ne, baƙi kuma sukan cika ɗaki. A 1996 cutar ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, galibi a Arewa. A buɗe tagogi, ko a kwana a tsakar gida cikin gidan sauro. Wanda ya yi zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, a kai shi asibiti a ranar, kada a ce sai an gama biki. In masu allurar rigakafi sun zo, a fito da yara duka.

Jama'a, zumunci a ƙafa ya ke, ba wanda ya ce a fasa ziyara ko a rage kyauta. Sai dai a dubi rana a tsara biki. Muna roƙon ƙungiyoyin mata da na manoma su tattauna wannan a taronsu na gaba, su kuma yi magana da maginan tukwane tun bazara ba ta kama ba. Allah ya kai mu bikin lafiya, ya raba mu da shi lafiya.