Diyyar Ma'aikata: Cikar Wa'adi Ba Ta Kashe Kowace Ƙara

Akwai wani lissafi da ya daɗe a zukatan masu masana'antu da 'yan kwangila a ƙasar nan, wato idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, sai a biya masa kuɗin asibiti, a lallashe shi, a yi ta jan ƙafa har wa'adin neman diyya ya wuce. A zamanin dokar soja mai lamba 17 ta 1987 wannan dabara takan ci, domin wata shida kacal aka ba ma'aikaci ko magadansa su nemi diyya, kuma daga aljihun mai kamfani ko kamfanin inshorarsa kuɗin ke fita: albashin wata 42 idan an rasa rai, na wata 54 idan mutum ya nakasa gaba ɗaya.

Wannan doka ta kau tun watan Disamba na 2010, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar dokar diyyar ma'aikata. Yanzu kowane mai ɗaukar ma'aikata yana zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, hukumar kuma ita ce mai biyan diyya. Kamfanin da ke biyan albashin Naira miliyan biyar a wata, Naira 50,000 ke kansa, wato 600,000 a shekara.

Wa'adin da sabuwar dokar ta tsara hawa-hawa ne. Ma'aikaci zai sanar da ubangidansa cikin kwana 14. Shi kuma ubangidan zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana bakwai, idan mutuwa ce kuwa nan take, kuma ƙin yin haka laifi ne. Sai takardar neman diyya, wadda tilas ta shiga cikin shekara ɗaya. To amma kusan kowane mataki an bar masa ƙofa. Idan ma'aikaci bai sanar cikin kwana 14 ba, hukumar na iya yafe masa muddin ta gamsu cewa kamfanin ya riga ya san abin da ya faru, ko kuma jinkirin bai cutar da shi ba. Shekara ɗayan ma tana iya komawa uku idan akwai uzuri mai ƙarfi. Bayan hukumar ta yanke shawara, wanda bai gamsu ba yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Duk wanda ya tara waɗannan kwanaki zai ga cewa raunin da aka ji bana yana iya zama magana a buɗe har shekara huɗu ko fiye. Wannan bai haɗa da cututtukan da aiki ke haifarwa a hankali ba, irin su ciwon huhu daga ƙurar auduga a masaƙa ko kurunta daga ƙarar injuna, waɗanda ba su da wata rana guda da za a ce a cikinta aka ji rauni.

Inda 'yan kasuwa suka fi ruɗewa shi ne batun sake shigar da ƙara. Lauya yakan dawo da albishir cewa kotu ta yi watsi da ƙarar, mai gida ya rufe fayil, bayan wata uku sai ga sabon sammaci. Dalili kuwa shi ne watsin iri biyu ne. Idan alƙali ya saurari hujjojin ɓangarorin biyu ya yanke hukunci, magana ta ƙare tsakaninsu a kan wannan batu, sai dai ɗaukaka ƙara. Idan kuwa an share ƙarar ne kawai domin kotun ba ta da hurumi, ko an yi kuskure a takardu, ko mai ƙara bai halarta ba, to ba a taɓa gundarin maganar ba, ana iya dawowa da ita. Kuskuren hurumi ya yawaita bayan gyaran tsarin mulki karo na uku da ya fara aiki a 2011, wanda ya mayar da shari'un ƙwadago hannun Kotun Ma'aikata ita kaɗai, alhali an saba kai su manyan kotunan jihohi.

A da, mai kamfani kan sa ran cewa kafin a gano an shiga kotun da ba ita ba, wa'adi ya cinye ƙarar. Kotun Ƙoli ta rage wannan fata a 2018, a shari'ar kamfanin Sifax da kamfanin Migfo, inda ta ce lissafin wa'adi yana tsayawa a tsawon lokacin da ƙara ke gaban kotu, ko da daga baya an share ta saboda rashin hurumi. Rikicin kwangila ne, ba na diyya ba, amma lauyoyin ma'aikata ba su yi barci a kansa ba.

Wannan ba ya nufin ma'aikaci na da ikon ya yi ta yawo da mai kamfani daga wannan kotu zuwa waccan. Tun 1992, a shari'ar Saraki da Kotoye, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa shigar da ƙararraki barkatai a kan mutum ɗaya da batu ɗaya wasa ne da aikin kotu. Haka nan a shari'ar Egbe da Adefarasin ta 1987 ta nuna cewa idan wa'adi ya cika da gaske, ko mutum na da gaskiya kotu ba ta da abin da za ta yi masa. Dokar 2010 kanta ta ce diyyarta tana maye gurbin ƙarar sakaci a kan mai ɗaukar aiki, ko da yake Kotun Ma'aikata ta ci gaba da sauraron irin waɗannan ƙararraki. A ganina kamfanin da bai yi rajista ba, bai kuma kai rahoto ba, shi ne ya fi kowa rauni a nan, domin da wuya ya fake da dokar da shi kansa bai bi ba.

Ta fuskar littafin kuɗi, kashi ɗaya cikin ɗari abu ne sananne da ake iya sawa cikin farashin kaya tun farkon shekara. Ƙarar da ke rataye kuwa bashi ne da ba a san adadinsa ba, ga kuɗin lauya a kowane zama, kuma masu binciken kuɗi za su so a ambace ta a rahoton shekara, inda banki zai gani ranar da aka je neman rance. Takardar da ke ɗauke da ranar da ma'aikaci ya sanar, da kwafin rahoton da aka kai hukumar mai hatimin karɓa, su ne abin da lauyan kamfani zai fara tambaya idan sammaci ya zo.