Wa Ya Riƙe Kuɗin Cike Ramin Kuza?

Da Gwamna Caleb Mutfwang ya dakatar da haƙar ma'adinai a Filato a watan Fabrairun 2025, maganar tsaro ce ta cika bakunan mutane. Ba a ji masu tambayar nawa za a kashe wajen cike ramukan da ake ta ƙarawa a kan na zamanin Turawa ba, balle a hannun wa kuɗin yake. A nan gizo ke saƙa, domin ƙiyasin gyaran ƙasa yakan fito da araha tun daga takarda, kuma ba bisa kuskure ba.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya kawo tsarin gyara wurin da zai haƙa, ya kuma zuba kuɗi a asusun da aka keɓe. Lissafin ba shi da wuya: yawan ƙasar da za a mayar, nisan da tifa za ta ɗauko ta, awoyin katafila, man da za ta sha, sai shuka. Matsalar ita ce mai haƙar ne ke kawo alƙaluman, kuma yana lissafi kamar shi zai yi aikin, da injinansa da ke wurin da direbobin da yake biya dama. Amma ba a taɓa kuɗin ajiya sai ranar da kamfani ya tsiyace ko ya tsere. Ranar kuwa ɗan kwangila za a kira, ya ɗauko katafila daga nesa a kan tirela, ya ɗora ribarsa. Ga ƙasar sama mai taki, wadda in ba a tara ta gefe tun farko ba ta riga ta cakuɗe da tsakuwa da jar ƙasa, sai an sayo wata. Ga kuma naira: ƙiyasin da aka rubuta lokacin dala na kusan 460 a farkon 2023, me zai saya bayan ta haura 1,500 a 2024? Tayar katafila ba ta san an yi alkawari ba.

Wanda ya bi hanyar Bukur zuwa Barikin Ladi ya ga sakamakon. Tsaunukan jar ƙasa da zaizaya ta tsattsaga, a gindinsu tafki shiru mai gangaren baki, inda saniya kan zame ta kasa fita, yaro ma haka. Tun 1946 aka sa dokar gyara, aka baje wasu wuraren aka dasa bishiyar turare, amma kaɗan aka taɓa. Da farashin kuza ya faɗi a duniya a 1985, babu sauran wanda za a kama.

Masu adawa da tsaurara kuɗin ajiya na cewa zai kori ƙananan mahaƙa zuwa haƙar ɓoye, kuma ai tafkunan na shayar da kabeji da dankalin Turawa da rani. Da gaskiyarsu, gwargwado. Sai dai manomin bai zaɓi ramin ba, dabara ya yi da abin da aka bar masa.

Amurka ma, mai dokar 1977 da ta tilasta ajiye kuɗi kafin a fasa ƙasa, ta bar manyan kamfanonin kwal su tsaya wa kansu da sunan arzikinsu. Tsakanin 2015 da 2016 Alpha da Arch da Peabody duk suka shiga kotun fatara, hukumomi suka shiga faɗi-tashin neman jingina ta gaske. Tsofaffin ramukan da aka bari kafin dokar kuwa, a 2021 majalisar ƙasar ta ware musu dala biliyan 11.3 daga baitulmali.