Tikitin Kakar Wasa: Yadda Kulob-Kulob Ke Yanka wa Magoya Baya Farashi

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo a unguwanninmu ranar Asabar ko Lahadi ya saba ganin filayen wasa na Ingila da Jamus cike maƙil, ba masaka tsinke. To, da yawa daga cikin mutanen nan da ake nunawa a talabijin, ba a ranar wasa suka sayi tikiti ba. Tun kafin a take wasan farko suka biya kuɗin shekara cif, aka ba kowa kujerarsa. Wannan shi ake kira tikitin kakar wasa, kuma a kan farashinsa ne aka daɗe ana kai ruwa rana tsakanin masu kulob da magoya baya.

Yadda abin yake shi ne: a gasar Firimiya ta Ingila akwai kulob 20, saboda haka kowanne yana da wasannin gida 19. A Bundesliga ta Jamus kulob 18 ne, wasannin gida 17. Mai tikitin kaka yana biyan kuɗin waɗannan wasanni gaba ɗaya, da rangwame, ya kuma huta da neman tikiti ranar da babban kulob ya zo baƙunci. Shi kuwa kulob, ribarsa ita ce kuɗi a hannu tun lokacin hutu, daidai lokacin da yake buƙatar sayen 'yan wasa da biyan albashi alhali ba a buga wasa. Ko an yi ruwa, ko kulob ya sha kashi sau biyar a jere, kuɗin dai sun riga sun shiga aljihu. Da ma an ce tsuntsun da ke hannu ya fi wanda ke sama.

Amma nawa za a yanka? A nan gizo ke saƙar. In an tsawwala, talakan da ya gaji son kulob daga ubansa ya zauna a gida. In an karya farashi da yawa, kulob ya rasa abin da zai yi gogayya da shi. Shi ya sa ake rarraba farashi kashi-kashi: kujerar tsakiyar fili ta fi ta bayan raga tsada, yara da tsofaffi ana yi musu sauƙi, wanda ya sabunta tikitinsa da wuri ana rage masa, wasu kulob kuma suna yarda a biya wata-wata.

Yadda farashi ya hau a Ingila

A da, yawancin 'yan kallo a Ingila a tsaye suke kallon wasa, kuma kuɗin shiga bai fi ƙarfin lebura ba. Abin ya canza bayan turmutsutsun filin Hillsborough na 1989, wanda ya zama sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97. Rahoton mai shari'a Taylor na 1990 ya ba da shawarar a sa kujeru ko'ina a manyan filaye, aka kuma zartar da hakan zuwa 1994. Kujeru sun rage yawan mutanen da fili ke ɗauka, ga kuɗin gini, ga kuma gasar Firimiya da aka kafa a 1992 tana jawo sababbin masu kallo masu hannu da shuni. Daga nan farashi ya kama hawa.

A farkon 2016 masu Liverpool, wato kamfanin FSG na Amurka, suka sanar da sabon farashi domin kakar da za a buɗe sabon babban sashen filin Anfield. Tikitin wasa mafi tsada zai tashi daga fam 59 zuwa fam 77, na kaka mafi tsada kuma daga fam 869 zuwa fam 1,029. Wannan kuwa ya zo ne a daidai lokacin da kulob-kulob ke shirin fara cin wata yarjejeniyar talabijin ta sama da fam biliyan 5 a cikin shekara uku. Ranar 6 ga Fabrairu, ana wasa da Sunderland, Liverpool na gaba da ci biyu da nema, sai da aka kai minti na 77 kimanin mutum 10,000 suka miƙe suka fice daga filin. Kafin a tashi Sunderland ta rama duka biyun. Bayan kwana huɗu masu kulob suka rubuto takardar ba da haƙuri, suka janye ƙarin, suka kuma yi alkawarin barin farashi yadda yake har kaka biyu. A watan Maris na shekarar kulob-kulob na Firimiya suka amince kada tikitin baƙi ya wuce fam 30.

Waɗanda suka karya farashi

Akwai kuma waɗanda suka bi ta ɗaya hanyar. A 2007 Bradford City ta faɗa rukuni na huɗu na Ingila, inda aka zaci jama'a za su watse. Sai shugabanninta suka sa tikitin kaka a kan fam 138. Da yake wasannin gida 23 ne a wannan rukuni, kowane wasa ya tashi a fam 6 ke nan. Masu zuwa kallo, waɗanda a kakar baya ba su kai 9,000 ba a kowane wasa, suka haura 13,000, kulob ɗin ya fi kowa jama'a a rukunin. Maƙwabciyarta Huddersfield Town ta sayar da nata a kan fam 179 a kakar 2016 zuwa 2017, kuma a ƙarshen wannan kakar ta hau Firimiya. Haka nan West Ham, da ta koma babban filin Olamfik na Landan a 2016, ta sa mafi arahar tikitin manya a kan fam 289, na yara kuma fam 99, don ta cika kujerun da suka ƙaru.

Lissafin masu wannan dabara shi ne, kujerar da ba kowa a kai ba ta kawo ko sisi. Wanda ya shigo da araha zai sayi abinci, ya sayi riga, ya zo da ɗansa, ɗan kuma ya tashi da son kulob. Sai dai dabarar ta fi dacewa da mai babban fili da ƙarancin jama'a. Kulob ɗin da mutane ke bin layi shekara da shekaru suna jiran tikiti ba shi da wannan matsin.

A Jamus kuwa tsarin mallaka ne ya taka wa farashi birki. A ƙarƙashin ƙa'idar da suke kira 50+1, 'yan ƙungiya, wato magoya baya masu rajista, su ke riƙe da rinjayen ƙuri'a a yawancin kulob. Ba su kuma rabu da wuraren tsayuwa ba. Filin Borussia Dortmund yana ɗaukar mutum fiye da 81,000, kuma sashensa na kudu kaɗai yana ɗaukar kusan 25,000 a tsaye. Kulob ɗin ya tsayar da tikitin kaka a kan 55,000, ya bar sauran domin wanda bai samu ba shi ma ya sami shiga wata rana.

Araha ma tana da tata matsalar. Wanda ya sayi tikiti da sauƙi yakan zaɓi manyan wasanni ya bar kujera fanko a ƙanana. Don haka wasu kulob yanzu suna gindaya sharaɗi: ko ka zo, ko ka mayar da tikitin wasan a sayar wa wani, in ba haka ba a hana ka sabuntawa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, masu kulob sun san baƙon da ya zo daga wata ƙasa sau ɗaya a rayuwarsa zai biya ninkin abin da ɗan gari ke biya, ya kuma cika jaka da kaya a kantin kulob. Wannan kwaɗayi shi ke sa tsofaffin magoya baya zargin ana so a ture su gefe.

Mu da ke kallo daga nesa muna da hannu a wannan lissafi. Kuɗin da gidajen talabijin na ƙasashen waje ke biyan Firimiya sun zarce na cikin gida tun daga yarjejeniyar da ta fara aiki a 2022, kuma abin da suke saye ya haɗa da sowa da waƙar 'yan kallo. An ga zahiri a 2020, lokacin annobar korona, da aka buga wasanni a filaye wayam, har sai da gidajen talabijin suka riƙa sa muryar jama'a ta na'ura don wasan ya kallu.

Darasin ya shafi kulob-kulob namu na gida, manya da ƙanana, waɗanda galibi ke dogaro da kuɗin ƙofa na ranar wasa. Tikitin kaka ba ya yiwuwa sai da amana: jadawalin da ba ya canzawa dare ɗaya, ƙofar da ba a shiga ta bayan fage, da shugabannin da ke zama da magoya baya kafin su yanka farashi. Masu Liverpool sai da mutum 10,000 suka fice musu daga fili kafin suka janye ƙarin farashin.