Manomita Mai Lamba: Abin Da Za A Duba Kafin A Saro Ta

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, musamman ku masu rumfunan kayan gyaran firji da iyakwandishan, yau bayaninmu a kan wata 'yar na'ura ne da akan gani cikin kayan da ake sarowa daga Sin da Dubai, wadda ake kira manomita. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, tana da fuska mai nuna lambobi, da baki ɗaya ko biyu a samanta inda ake cusa siririn tiyo. Abin da ya sa muka ɗauko maganarta shi ne, mai gyara yakan zo rumfa ya ce a ba shi geji, shi kuwa mai rumfa sai ya miƙa masa duk abin da ya ga yana awon ƙarfin iska. Alhali geji iri-iri ne, kama da wane ba ta wane. In aka yi rashin sa'a, kafin la'asar an dawo da kaya a mace, ga cacar baki, ga asarar kuɗi, ga dillalin da ya haɗa cinikin ana nemansa ya mayar da la'ada.

To, ku ɗauke ta kamar sikeli. Akwai sikelin da ake ɗora buhun gyaɗa, akwai na maƙerin zinariya. In ka ɗora zobe a kan na gyaɗa allurarsa ba za ta motsa ba, in kuwa ka ɗora buhu a kan na zinariya ka kashe shi nan take. Manomita ita ce sikelin zinariya. Aikinta awon ɗan ƙaramin matsi, watau irin turin da fanka ke yi wa iska a cikin bututu, ko na gas ɗin girki bayan ya fito daga ragileta. Shi kuwa gas ɗin sanyi da ke cikin iyakwandishan, wannan buhun gyaɗa ne. Irin wanda ake kira R-410A yakan kai wajen psi 120 a gefen tsotso, a gefen turi kuma ya haura 350 in rana ta take. Wannan aikin geji mai agogo biyu ne, shuɗi da ja, wanda kowane mai gyara ke rataye da shi. Galibin manomitocin wannan sana'a iyakarsu wajen psi 2 ce. Kun ga ke nan wanda ya jona ta a bututun kwamfiresa ya ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta sau sittin. 'Yar fatar da ke cikinta mai jin matsin sai ta fashe, ba ta gyaruwa, kamfani kuma ba ya karɓar irin wannan ɓarna a matsayin laifinsa.

Asalin manomita ba wani abu ba ne illa tiyo mai garau da aka lanƙwasa bakinsa biyu suna kallon sama, aka zuba masa ruwa. In an hura iska ta gefe ɗaya, ruwan ya sauka nan ya hau can, sai a sa rula a auna tazarar da ke tsakani. Shi ya sa har yau mutanen Amurka ke lissafin wannan matsi da inci na ruwa, a kwali za ku ga an rubuta inWC ko inH2O. Mutanen Turai su kuma da faskal suke awo, alamarsa Pa, ko milibar, alamarsa mbar. In kun ga hPa kada ta ruɗe ku, ita da milibar abu ɗaya ne. Lissafin da ya kamata mai rumfa ya riƙe shi ne, inci 1 na ruwa faskal 249 ne, milibar 1 faskal 100 ne, psi 1 kuwa ya kusa inci 28. Mai lamba ta ƙwarai tana juya awon daga wannan zuwa wancan da danna maɓalli ɗaya, wannan kuwa abin dubawa ne, domin littafin injin da aka ƙera a Amurka da inci yake magana, na Turai da faskal.

Sai maganar wa zai saya, wadda ita ce ta fi shafar aljihunku. A ƙasashen sanyi kamar Amurka da Kanada, inda gidaje ke da murhun gas mai tura iska mai ɗumi ta bututu zuwa ɗakuna, mai gyara ba ya fita aiki ba da ita ba. Da ita yake daidaita gas ɗin da ke shiga kan murhu, inci 3.5 in gas ɗin bututun gari ne, wajen inci 10 zuwa 11 in na tukunya ne, da ita kuma yake auna turin fanka, wanda a injinan gida da yawa aka ƙayyade shi rabin inci, watau wajen faskal 125. Mu nan ba mu ɗumama gidaje da irin wannan murhu, iyakwandishan ɗin da ya cika gari kuma mai rataya ne a bango, ba shi da bututun iska da za a auna. Saboda haka mai gyaran bakin titi ba lalle ya neme ta ba. Masu nemanta su ne masu kula da manyan injinan sanyaya otal da banki da asibiti, da masu jan bututun gas zuwa gidajen burodi da gidajen abinci. Mu a ganinmu, wanda ya cika rumfa da ita kwali-kwali ya kwantar da kuɗinsa. 'Yan ƙalilan masu kyau sun fi.

Su masu aikin gas ɗin, abinsu da sauƙi. Ragiletar tukunyar girki za ku ga an buga mata 28 ko 30 ko 37 mbar a jiki, waɗansu 50. Duk manomitar da ta kai milibar 100 ta wadatar da su. Da ita suke gane ko bututu na yoyo: a cika shi, a rufe, a zuba wa lambar ido, in tana sauka to akwai inda gas ke zurarewa. Da ita kuma suke gane ko murhu na samun gas daidai, domin in matsin ya kauce wutar takan yi ja ta yi baƙin hayaƙi, har ta haifar da iskar nan mai guba wadda ba ta da wari. Amma fa ku gaya musu, bayan ragileta ake jona ta. Abin da ke cikin tukunyar kanta da bar ake lissafinsa, bar 1 kuwa milibar 1,000 ne.

Inda ake yaudarar mai saro shi ne wajen awon iska. Dillalin waje zai nuna maka fuskarta ya ce duba, har 0.01 take nunawa. Wannan yawan lamba ne kurum. Agogo ma yakan nuna daƙiƙa alhali yana latti da minti goma. Abin da za ku nema a bayan kwali shi ne kuskuren da kamfani ya yarda tana yi, sa'an nan ku duba haruffan da ke biye. In an rubuta kashi kaza, aka bi shi da FS, ma'anarsa kashin na iyakar ma'aunin ne gaba ɗaya, ba na abin da kake aunawa ba. Ga misali. Na'ura iyakarta psi 2, watau wajen faskal 13,800, kuskurenta kashi 0.3 cikin ɗari na FS. In ka buga lissafi ya ba ka faskal 41. Ga mai awon gas na milibar 30 wannan ba kome ba ne. Ga mai awon turin fanka na faskal 125 kuwa, sulusin awon ke nan ya tafi. Balle a asibiti, inda ɗakin da ake keɓe mai cuta mai yaɗuwa ta iska ake son matsinsa ya gaza na farfajiya da aƙalla faskal 2.5 bisa ƙa'idar da ake bi a Amurka. Irin wannan na'ura ba ta ma san an yi ba. Kun ga ashe faɗin awo ba shi ne daraja ba, sau da yawa mai gajeren zango ta fi gani da kyau a ƙasa-ƙasa.

Cikin masu suna akwai Testo 510 ta Jamus, mai awo daga sifiri zuwa milibar 100, wadda kamfaninta ya ba da kuskuren faskal 3 a can farkon ma'auni. Akwai SDMN6 ta kamfanin Fieldpiece na Amurka, mai kaiwa inci 60 sama da ƙasa. Dwyer ma tsofaffin hannu ne a wannan fage, su ke yin mai allurar nan Magnehelic da akan gani manne a jikin manyan injina. Kuɗinsu ya ninka na marasa suna, kuma yana bin dala, sai a yi hattara da jabu.

Mai baki biyu ta fi mai baki ɗaya fita, domin da ita ake auna gaban matatar iska da bayanta a lokaci guda a gane ko ƙura ta toshe ta, abin da ba ya wuya a nan in hunturu ya kama. A tabbata tana da maɓallin mayar da ita sifiri, ana danna shi kafin kowane awo, tiyo a cire. Maganaɗisu a bayanta yana da amfani, mai gyara ya manna ta jikin ƙarfe hannunsa ya huta. Ku buɗe kwali ku ƙirga tiyo da 'yan kawunan tagulla, don sau da yawa nan ake rage kaya.

Ga kuma gwajin da kowa zai iya yi a rumfa kafin ya biya. Ku sami tiyon nan mai garau da magina ke daidaita gini da shi, ku lanƙwasa, ku zuba ruwa rabi. Ku jona busasshen bakin ɗaya a bakin manomita mai alamar tarawa, sa'an nan ku ɗaga ɗaya gefen a hankali har tazarar saman ruwan biyu ta kai santimita 10 a tsaye. Ya kamata ta nuna milibar 9.8, ko inci 3.9. In lambar ta tsaya cik, madalla, in tana zamewa ƙasa akwai yoyo, ko a tiyo ko a cikinta. A kula kada ɗigon ruwa ya shiga bakinta, busasshiyar iska kaɗai take so. Wannan gwaji yana kama maƙaryaciya, amma ba ya tabbatar da faskal biyu ko uku, tun da milimita 1 ta ruwa kusan faskal 10 ce. Mai aikin asibiti sai ku nemo masa mai takardar shaidar gwaji daga kamfani, ku kuma duba kwanan watan da ke jikin takardar, domin akasari shekara-shekara ake sabunta ta.

Wajen ajiya, galibinsu an ƙayyade musu aiki tsakanin digiri 0 zuwa 50, to kada a bar su a cikin mota ko ƙarƙashin kwanon rumfa da bazara. A cire batir in za su daɗe a kanta, don in ya tsiyaya ya cinye 'yan ƙarafan ciki shi ke nan. In mai saye ya zo, ku tambaye shi me zai auna: gas ɗin sanyi, ko gas ɗin girki, ko iskar bututu. In ya ce na sanyi, ku miƙa masa shuɗi da ja. In ya ɗauki manomita, ku rubuta masa iyakar awonta a jikin rasit da hannunku, ku ajiye kwafi.