TAYAR SAFAYA: KAMA DA WANE BA TA WANE

Da zarar an gama girbin gero da dawa da wake a ƙasar Bichi, Dambatta, Kunchi, Makoɗa da Tsanyawa, sai tafiye-tafiye su yawaita a cikin ikkilisiyoyinmu. Ga bukukuwan aure, ga taron Zumuntar Mata, ga fita wa'azi ƙauyuka, ga kuma Kirsimati. A yawancin wuraren nan mota ɗaya ce tak ke ɗauke da dukan wannan hidima, ko ta majami'a ko ta wani ɗan'uwa. Ita ce ke kai amarya, ita ce ke kai buhunan baiko kasuwar Dawanau, ita ce kuma ake bugun ƙofa a nema da tsakar dare idan naƙuda ta zo da gardama ko maciji ya sari yaro, domin a kai shi asibiti.

Saboda haka muka ga ya kamata yau mu yi magana a kan wani abu da ke kwance a bayan motar nan, wanda ba a tunawa da shi sai ranar da aka shiga uku, watau tayar safaya.

Duk wanda ya san yankin nan ya san gona na bin gona ne, ƙauye na bin ƙauye. Da an sauka daga kwaltar Kano zuwa Katsina ko ta Kano zuwa Daura, sai a shiga burtali mai rairayi, ga ƙaya, ga kututturen kara mai kaifi. Taya ba ta daɗewa ba ta yi faci ba, mai faci kuwa ba ya zama a kowane ƙauye.

A da, abin da sauƙi. Tun da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, motar 504 ta cika hanyoyinmu, kuma wilin wannan yana hawa waccan, har direba ya kan ari safayar abokinsa. Daga baya motocin gwanjo na Turai da Amurka suka shigo ta Kwatano da Legas: Golf, Corolla, Camry, Sharan, 406 da sauransu, kowace da irin ƙafarta. Da yawansu suna isowa babu safaya. Sai mai mota ya shiga Ƙofar Ruwa, ya ga wilin alminiyam mai ƙyalli, wanda makanikai ke kira aloyi, ya ƙirga ramukan noti ya ga sun yi daidai da nasa, ya biya ya jefa a but. Wani ma domin jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, yake saye, don in sun tambaya ya sami abin nunawa. To, Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Abu na fari shi ne tazarar ramuka. Ramukan noti suna zaune ne a kan da'ira, kuma faɗin da'irar ya bambanta daga mota zuwa mota. Alal misali, 504 tana da noti 4 a da'irar milimita 140, 406 tana da 4 a milimita 108, Golf da tsohuwar Corolla masu noti 4 kuwa milimita 100. Waɗannan ba su hawa juna, don haka ba su ruɗin kowa. Inda haɗarin yake shi ne wurin waɗanda suka kusa daidai. Sharan tana da 5 a milimita 112, Camry kuwa 5 a milimita 114.3. Ido ba ya ganin wannan bambanci. Idan aka matsa aka ɗaure da ƙarfin tsiya, kowane noti zai zauna a karkace, yana cin gefe guda. A cikin tafiya sai ya riƙa kwancewa kaɗan-kaɗan, ko ƙarfen ya gaji ya karye, taya ta fice mota na gudu.

Abu na biyu shi ne ramin tsakiya, wanda ke zama a kan cibiyar ƙafar mota ya daidaita wili. Na Corolla milimita 54.1 ne, na Golf 57.1. Don haka wilin Corolla ba ya shiga Golf ya zauna, ko da yake ramukan notinsu ɗaya ne. Wilin Golf kuwa yana shiga Corolla, amma da sarari, sai a ji sitiyari na rawa. Akwai zobe da ake sawa ya cike wannan sarari. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne a kai wili wurin maƙeri ya ƙwaƙule ramin da zarto.

Abu na uku shi ne notin kansa. Bakin wani noti tsini gare shi kamar mazurari, na wani zagaye ne kamar ƙwallo, irin na Volkswagen, na wani kuma shimfiɗaɗɗe ne da wasa, irin wanda Toyota da Peugeot ke sawa a aloyinsu. Kowane wili da irin bakin da aka sassaƙa masa. Ban da wannan, aloyi ya fi wilin ƙarfe kauri. Notin da ya isa wilin ƙarfe yana iya gazawa a aloyi, ya kama zare biyu ko uku kawai, alhali ana bukatar ya juya kamar sau bakwai cikakku kafin ya ɗaure. Wanda safayarsa aloyi ce sauran tayoyinsa kuwa na ƙarfe, ko akasin haka, to ya ajiye notin safayar dabam a cikin mota.

Abu na huɗu shi ne tsayin taya. A jikin kowace taya akwai lambobi. Idan an rubuta 195/65 R15, faɗinta milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin, wilin kuma inci 15. Tsayinta gaba ɗaya wajen milimita 635 ke nan. Taya mai 175/70 R13 kuwa wajen milimita 575 ce, watau ta gaza da kusan santimita 6. In aka haɗa su a layi ɗaya, mota za ta karkata, birki ya riƙa fizgarta gefe, haƙoran da ke raba juyi tsakanin ƙafafun da ke ja su yi ta aikin da ya fi ƙarfinsu. Amma 205/55 R16 tsayinta wajen milimita 632 ne, kusan ɗaya da 195/65 R15, ko da yake wilinsu ba ɗaya ba ne. Ashe ba girman wili ake dubawa ba, tsayin taya duka ake aunawa, kuma masana sun ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100.

Akwai kuma halin ƙarfen. Wilin ƙarfe in ya daki rami lanƙwashewa yake yi, a buga shi ya koma. Aloyi kuwa tsagewa yake yi. Da yawan na gwanjo an taɓa yi musu walda an shafe da fenti, don haka a juya cikinsa a duba da kyau. A hanyoyin karkara irin namu, wilin ƙarfe na ainihin motar ya fi aloyin aro, kuma sau da yawa ya fi shi araha.

Kada a ce mun haramta aloyi. In ramuka sun yi daidai, tsakiya ta zauna, noti nasa ne, tsayi ya yi kusa, to ba laifi ko da zanensa ya bambanta da na sauran. Hanyar ganewa ɗaya ce: a gwada shi a gida da rana. A ɗaga mota da jak, a ɗaura, a juya da hannu a ji ko yana gugar birki ko bodi. A murɗa sitiyari iyaka dama da hagu. A ɗaure noti a gicciye, wannan sannan na gabansa, a sake bi bayan tafiyar kamar kilomita 50. A duba shekarun tayar: tun daga 2000, lambobi 4 na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekara, alal misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, balle a zafinmu. Kamfanonin mota da yawa sun ce a canza bayan shekara 6, masu yin taya kuma sun ce kada a wuce 10. A riƙa duba iskarta kowane wata.

In kuwa larura ta kama a daji babu wata sai wadda ta ɗan bambanta a tsayi, to a mota mai ja da gaba kamar Golf a mai da ita baya, a kawo ta baya gaba. A rage kaya, kada a wuce kilomita 80 a awa ko a kan kwalta, a tsaya wurin mai faci na farko. Amma wilin da notinsa bai zauna ba, kada a ɗauki rai a kansa.

'Yan'uwa, wani zai ce ai mun yi addu'a kafin mu tashi. Gaskiya ne, kuma kada mu fasa. Amma a Kubawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da rawani, domin kada wani ya faɗo jininsa ya hau kan gidan. Ubangiji Yesu kuma, a Matiyu sura 25, ya ba da misalin 'yan mata goma da dukansu ke riƙe da fitila, amma biyar ne kaɗai suka yi guzurin mai. Safayar da ba ta hawa mota, fitila ce marar mai. Direban da ya ɗauko mawaƙa ko matan zumunta, amanar gidaje da yawa ce a hannunsa.

Don haka muna roƙon fastoci da dattawa, a Asabar mai zuwa a fito da safayar motar majami'a a ɗaura ta a gaban kowa. In ba ta hau ba, ma'aji ya fitar da kuɗin canza ta kafin a sayi fenti ko lasifika. Masu motocin kansu ma su yi haka, domin ba wanda ya san daren da maƙwabci, Kirista ko Musulmi, zai buga masa ƙofa.

Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.